Neman Bindigar da Ba Ta Kuskure: Daga Muniyo Zuwa Fort Benning

Mafi yawan harsasan da ake harbawa a fagen daga ba sa samun wanda aka nufa da su, kuma wannan al'amari, wanda kwamandojin soja suka daɗe da saninsa ko da ba su cika faɗarsa a bainar jama'a ba, shi ne ya sa ƙasashe masu ƙarfin masana'antu suka shafe fiye da shekara saba'in suna zuba dukiya wajen neman bindiga da harsashin da za su rufe kuskuren mai harbi. Masu nazarin makamai suna auna matsalar da ma'aunin da suke kira yiwuwar samu, wato sau nawa harsashi zai taɓa abokin gaba idan aka danna kunamar bindiga sau ɗari a kansa daga wata tazara da aka sani. An yi wannan nema ne a Amurka da Jamus da Rasha, amma ya cancanci a karanta tarihinsa da idon mutumin Gure, domin ƙasar Muniyo ta san bindiga tun da daɗewa, ta ga yadda aka ci Damagaram da ita, kuma a yau tana zaune a kan babbar hanyar da ta haɗa Zinder da Diffa, inda tun bayan hare-haren Boko Haram na watan Fabrairun 2015 makami ya zama abin da matafiyi ke gani a kowane shingen bincike.

Lokacin da Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya sauka a Gure cikin watan Disamban 1852, ya tarar da Muniyoma Koso, wanda ya mai da garin mazaunin mulkinsa, yana cikin manyan sarakunan da ke biyayya ga Shehun Borno, ya kuma rubuta cewa sarkin yana iya fitar da mahaya dawaki kimanin 1,500 da 'yan baka tsakanin 8,000 da 10,000. Ƙarfin ƙasar yana kan doki ne da kibiya, alhali bindiga ta shigo Borno tun zamanin Mai Idris Alooma a ƙarni na 16, kuma akwai dalili mai ƙarfi da ya sa aka yi shekara kusan ɗari uku ba ta kori baka ba. Bindigar wancan zamani, wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki, cikin bututunta sumul yake, saboda haka dalmar takan fita tana karo da bangon bututun, ba ta juyawa a kan kanta, kuma da zarar ta wuce taku ɗari ba mai iya cewa ga inda za ta faɗa. Gwanin baka kuwa yana sakin kibau da dama kafin mai bindiga ya gama ɗuri guda, kibiyarsa tana ɗauke da dafin ƙwanƙwani wanda ko ƙwarzane ya yi ya wadatar, ba ya kuma jiran fataken Tarabulus su kawo masa farar wuta. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya nuna cewa sai a ƙarshen ƙarni na 19 ne bindiga ta fara sauya fasalin yaƙi a ƙasar Hausa. Maharban karkara, waɗanda har yau suke riƙe da bindigar toka, sun daɗe da samo wa wannan rauni magani, domin maimakon dalma guda sukan ɗura gutsattsarin ƙarfe da yawa, ta yadda harbi ɗaya zai bazu ya rufe fili, abin da wannan ya kuskure wancan ya samu. Sojojin Amurka ma sun yi irin wannan ɗuri tun zamanin yaƙin neman 'yancinsu, suna haɗa babbar dalma ɗaya da ƙanana uku, kuma wannan tsohuwar dabara ce injiniyoyin ƙarni na 20 suka koma wa da na'urorin lissafi.

Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, shi ne ya fi kowa a wannan yanki ɗaukar bindiga da muhimmanci, domin ya tara dubbanta, ya sa maƙeran Zinder sun zuba masa igwoyi, an riƙa haɗa albarushi a gida, ya kewaye birni da ganuwa, kuma a rabin ƙarshe na wannan ƙarni ne Muniyo ta koma ƙarƙashin ikon Damagaram. Duk da haka, a ƙarshen watan Yulin 1899, a Tirmini da ke yamma da Zinder, rundunar ɗansa Amadu Kuran Daga ta watse a gaban 'yan ɗaruruwan sojojin Afirka waɗanda ragowar hafsoshin ayarin Faransa na Voulet da Chanoine suke jagoranta. Faransa ta wancan lokaci tana da bindigar Gras ta 1874 da Lebel ta 1886, waɗanda ake ɗurawa ta baya, kuma a cikin bututunsu an yi tsagi mai murɗewa wanda ke sa harsashi ya fita yana juyi, juyin nan kuwa shi ke tsayar da shi a kan hanya har ɗaruruwan mita. Sai dai ƙarfe rabin bayani ne kawai, domin sojojin an horar da su su tsaya a sahu, su jira umarni, su saki wuta tare a tazarar da hafsa ya ƙiyasta, yayin da dawaki ke tunkaro su. Turawa sun san darajar wannan fifiko sarai, shi ya sa Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigar da bindigogi masu tsagi da harsasansu a faɗin Afirka tsakanin layi na 20 arewa da na 22 kudu da tsakiyar duniya, ta bar wa 'yan ƙasa bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ƙara da hayaƙi ba su dame su ba. Abin da suka keɓe wa kansu shi ne iya kayar da mutum daga nesa.

A kan irin waɗannan nasarori aka gina aƙidar da ta mamaye rundunonin duniya har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ke cewa soja nagari shi ne wanda zai sami mutum daga mita 600 ko 800 da harsashi mai nauyi. Jamusawa ne suka fara rushe ta a aikace da bindigar StG 44 mai gajeren harsashi, Rasha ta bi sawu da bindigar AK-47 ta Mikhail Kalashnikov wadda rundunarta ta karɓa a 1949, amma wanda ya rushe ta da alƙaluma shi ne Norman Hitchman, na ofishin binciken ayyukan soja da ke ƙarƙashin Jami'ar Johns Hopkins, a rahoton da ya fitar a 1952 ana tsakiyar yaƙin Koriya. Bayan nazarin bayanan raunukan da aka samu a yaƙe-yaƙe da gwajin sojoji a filin harbi, Hitchman ya gano cewa akasarin musayar wuta tana faruwa ne a ƙasa da yadi 300, cewa tudu da ciyayi da hayaƙi sukan hana soja ganin abokin gaba fiye da haka, kuma cewa ko gwanaye sukan fara kuskure ƙwarai da zarar tazara ta wuce yadi 100. Abin da ya fi ɓata wa tsofaffin janar-janar rai shi ne cewa harsashin bindiga yana samun mutum kusan bisa tsautsayi ne, kamar yadda ɓaraguzan bam ke samunsa, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne tsawon lokacin da mutum ya bayyana a fili da girman ɓangaren jikinsa da ya bayyana.

Ɗan lissafi kaɗan zai bayyana dalilin haka. Tazarar da ke tsakanin alamar saiti ta baya da ta gaba a kan AK-47 ba ta kai santimita 40 ba, saboda haka idan alamar gaba ta kauce da milimita ɗaya tak, harsashi zai kauce da kusan santimita 80 a tazarar mita 300, alhali faɗin ƙirjin mutum bai wuce rabin mita ba. Harsashin wannan bindiga yana fita da gudun kimanin mita 715 a daƙiƙa, yana kuma ɗaukar kusan rabin daƙiƙa kafin ya kai mita 300, wanda a cikinsa mai gudu ya riga ya matsa da kusan mita biyu. A ƙara da haki bayan gudu, da bugun zuciya, da gumi a ido, da kuskuren ƙiyasin tazara, da iskar da ke kaɗawa daga gefe, da sanin cewa wancan ma yana harbowa. Watsuwar da bindigar kanta ke haddasawa, wato bambancin inda harsasanta ke faɗawa ko da an ɗaure ta a kan ƙarfe ba ta motsi, ƙarama ce ƙwarai idan aka gwada ta da wannan kuskuren na ɗan Adam, kuma a nan ne duk matsalar take.

Shawarar Hitchman ita ce a daina ƙoƙarin mai da kowane soja gwani, a ba shi makamin da zai saki harsasai huɗu ko biyar a dannawa ɗaya, waɗanda za su bazu cikin da'ira mai iyaka a kewayen inda ya yi saiti. Hujjar a fili take: idan yiwuwar samu ɗaya ce cikin goma ga harsashi guda, harsasai uku da kowanne ya bi tasa hanya za su ɗaga ta zuwa kusan 27 cikin ɗari. Amma akwai sharaɗi mai wuya, domin idan da'irar ta yi ƙanƙanta dukkansu za su kuskure tare, idan kuma ta yi faɗi mutum zai tsaya a tsakaninsu ba abin da ya taɓa shi, kuma faɗin da ya dace da mita 100 bai dace da mita 400 ba. Daga wannan tunani aka haifi shirin da rundunar Amurka ta kira SALVO, wanda a cikinsa aka gwada abubuwa masu ban mamaki: kamfanin Winchester ya ƙera bindiga mai bututu biyu, ma'aikatar makamai ta Springfield ta ƙera mai uku, aka kuma yi harsasai masu 'ya'ya biyu ko uku jere cikin kwanso ɗaya, inda ake ɗan karkata gindin na baya da gangan domin ya kauce wa hanyar na gaba. Ɗaya daga cikinsu, mai lamba M198, ya kai ga shiga hannun sojoji a shekarun 1960, amma 'ya'yansa ba su da nauyin harsashi guda, ƙarfinsu yana raguwa da wuri, aka kuma yi watsi da shi.

Injiniya Irwin Barr na kamfanin AAI ya kawo wata hanya dabam, wato a maye gurbin harsashi da 'yar kibiyar ƙarfe siririya mai fikafikai a wutsiya, wadda nauyinta bai kai giram ɗaya ba, tana fita da gudun kusan mita 1,400 a daƙiƙa. Saboda saurinta ba ta lanƙwasa sosai a hanya, don haka kuskuren ƙiyasin tazara ya ragu, saboda rashin nauyinta kuma naushin da bindiga ke yi wa kafaɗa ya ragu, ana iya sakin da yawa a jere ba tare da bakin bindiga ya ɗaga sama ba. Shekara ɗari da ɗoriya bayan 'yan bakan Muniyoma, sai ga ƙasar da ta fi kowace arziki ta koma neman tsira a wurin kibiya. Shirin da aka gina a kanta, mai suna SPIW, ya fara a 1962, kamfanoni uku da ma'aikatar Springfield suka gabatar da samfuransu a 1964, ba ko ɗaya da ya tsallake gwaji. Kibiyar tana buƙatar wata riga da za ta riƙe ta a cikin bututu sannan ta ɓare bayan fita, ɓarɓashin rigar yana shiga idon sojoji, ƙarar tana da tsanani, bindigogin suna zafi suna cijewa, kibiyar takan kauce idan ta gamu da ruwan sama mai ƙarfi ko ganye, kuma ƙera miliyoyinta duk a miƙe sak ya fi ƙarfin aljihun da aka tanada. Abin da ya tsira daga wannan zamani shi ne abin da aka ɗauka na wucin gadi ne, wato bindigar M16 da ƙaramin harsashinta mai kaurin milimita 5.56, wanda Rasha ta mayar wa martani da AK-74 mai 5.45 a 1974. Ƙaramin harsashi mai sauri ya rage naushi, ya kuma ba soja damar ɗaukar kusan ninki biyu na abin da yake ɗauka a da, kuma wannan ita ce riba mafi girma da aka samu ta fuskar ƙarfe da albarushi a duk tsawon neman.

Gwaji mafi tsari shi ne wanda Amurka ta fara a 1986 da sunan ACR, inda ta gindaya sharaɗi guda, cewa sabuwar bindiga sai ta ninka yiwuwar samun M16A2 sau biyu. AAI da Steyr na Ostiriya suka sake kawo kibau, Colt ya kawo harsashi mai 'ya'ya biyu, Heckler & Koch na Jamus ya kawo G11, wadda ta fi duk sauran nisa da abin da aka saba. Harsashinta ba shi da kwanson tagulla, an curo albarushin ne ya zama dunƙule mai kusurwa huɗu da ɗan harsashin a cikinsa, kuma da yake babu kwanson da za a fitar bayan harbi, tana iya sakin uku a jere da saurin da ya kai 2,000 a minti, har na ukun yakan bar bututu kafin naushin na farko ya iso kafaɗa. An ɗauki shekaru ana fama da wata matsala da ba a zata ba, domin ashe kwanson da ake yarwa yana fita da zafi mai yawa, idan babu shi sai ɗakin harsashi ya yi zafin da albarushi zai tashi da kansa. A 1989 da 1990 aka gwada dukkan huɗun a Fort Benning da ke jihar Jojiya, a filin da aka cika da na'urorin auna inda kowane harsashi ya bi, ana sa sojoji gudu kafin harbi domin zuciyarsu ta buga kamar ta mai yaƙi. Bayan an kashe kimanin dala miliyan 300, ba ko ɗaya da ta cika sharaɗin. Wani ɓangare na dalilin yana da ban dariya da ban tunani a lokaci guda, domin sojojin da aka ba tsohuwar M16A2 sun yi harbi fiye da yadda aka ƙiyasta za su yi, kasancewar gajiya ana iya ƙirƙirarta a filin gwaji, amma tsoron mutuwa ba a iya ƙirƙirarsa. G11 ta mutu bayan haɗewar Jamus a 1990, lokacin da kuɗi suka tafi gina gabashin ƙasar, rundunar ta ɗauki G36 wadda ba ta da wani abin al'ajabi.

Rasha ce kaɗai ta kai irin wannan bindiga ga karɓuwa a hukumance, wato AN-94 ta Gennadiy Nikonov, wadda ke sakin harsasai biyu na farko da saurin 1,800 a minti ta hanyar wani tsari mai igiyar ƙarfe da gargare a cikinta. Wuyar kwancewa da tsada suka tsare ta a hannun 'yan tsirarun rundunoni, sauran soja suka ci gaba da riƙe zuriyar Kalashnikov. Haka aka yi da XM25 ta Amurka, mai harba ƙaramin gurneti da ke fashewa a iska a daidai tazarar da aka auna, wadda aka gwada a Afganistan daga 2010 aka soke ta a 2018, da kuma harsashin EXACTO mai sauya hanya yana cikin tafiya, wanda aka nuna gwajinsa a 2014 da 2015 bai kuma zama kayan aikin soja na yau da kullum ba.

Abin da ya kawo canji na haƙiƙa ya zo ne ta ƙofar da ba a sa mata ido ba, wato madubin saiti da ake ɗorawa a kan bindigar da ake da ita. Mai harbi da alamun ƙarfe dole idonsa ya daidaita abu uku da ke tazara uku mabambanta, alamar baya da ta gaba da abin hari, ido kuwa abu ɗaya yake iya gani tar a lokaci guda. Madubi yana haɗa alama da abin hari a fuska ɗaya, idan mai kusanto da nesa ne kuma yana nuna wa soja ko wane ne yake shirin harbi. Ostiriya ta fara raba shi ga kowane soja da bindigar AUG a ƙarshen shekarun 1970, Ingila ta bi a shekarun 1980, sojojin ruwan Amurka masu yaƙi a tudu suka rungumi madubin ACOG a yaƙin Iraƙi. Yaƙin Afganistan ya ƙara tona wani gibi a lissafin Hitchman, domin Manjo Thomas Ehrhart ya rubuta a 2009 cewa kusan rabin musayar wuta a can tana faruwa ne a fiye da mita 300, inda ƙaramin harsashi da horon gajeren zango suka gaza. Saboda haka a 2022 Amurka ta zaɓi sabuwar bindigar SIG Sauer mai harsashin milimita 6.8, ta haɗa ta da madubin XM157 mai auna tazara da hasken leza da ƙaramar kwamfuta da ke nuna inda za a ɗora alama. Kwangilar madubin kaɗai ta kai dala biliyan 2.7 a kan guda 250,000, wato kowane ɗaya ya haura sefa miliyan shida.

Ƙasar Gure ta haɗa yanayin da Hitchman ya bayyana da wanda Ehrhart ya bayyana a gunduma ɗaya. A cikin kwaruruwan kanwa, inda goriba da dabino suka yi duhu, mutum ba ya ganin abin da ya wuce 'yan taku kaɗan, amma da ya hau tudun rairayi, ko ya nufi arewa wajen duwatsun Kutus da filayen Tesker, sai ido ya yi tafiyar kilomita ba abin da ya tare shi. A lokacin hunturu hazo yana rufe nesa, a bazara kawalwalniya tana sa abin da ke can ya riƙa rawa yana sauya wuri, ƙura kuma ba ta barin na'ura mai laushi ta daɗe. Faɗan da ake yi a Sahel na babura ne da motocin a-kori-kura, kwanton ɓauna ne da farmakin asuba, inda mai harbi da wanda ake harbi duk suna motsi. Makamin da ke hannun kowane ɓangare kusan ɗaya ne, wato kalashi da danginta na Sin da gabashin Turai, wadda ke iya zubar da harsasai 30 cikin daƙiƙa uku idan aka riƙe kunama, bakinta kuma yana ɗagawa tun daga na biyu, ta yadda saura sukan wuce ta saman kan abokin gaba, kuma harsashin da ya wuce haka yana iya tafiyar fiye da kilomita biyu kafin ya sauka.

Masu kare yawan harbi suna da hujjar da ba za a raina ba. Sukan ce akasarin harsasai ba don su sami kowa ake harba su ba, ana harba su ne domin abokin gaba ya duƙe ya kasa ɗaga kai yayin da wasu ke zagayo masa ta gefe, kuma sojan da aka yi wa kwanton ɓauna ba shi da lokacin daidaita numfashi. Wannan gaskiya ne, kuma ba littafin dabarun yaƙi da ya musanta shi. Amma an tsara wannan aƙida ne domin fagen daga irin na Turai da Koriya, inda abin da ke bayan abokin gaba wani abokin gaba ne, alhali a ƙasar Gure abin da ke bayansa rijiya ce da mata ke jan ruwa, ko rugar Fulani, ko garken raƙuman Tubawa, ko rumfunan kasuwar Gidigir. Rahotannin SALVO da ACR sun ƙidaya harsasan da suka sami allon gwaji, ba su da shafin da aka rubuta wanda sauran za su faɗa wa, domin a Fort Benning tudun ƙasa ne ke haɗiye su. Duk lissafin da ke cewa a harba goma domin ɗaya ya samu ya amince ke nan da tara su tafi inda suka ga dama, kuma rundunar da ke buƙatar makiyayi ya kawo mata labarin motsin 'yan ta'adda ba za ta iya biyan farashin waɗannan taran ba.

Akwai shaida a arewacin tsohuwar gundumar Gure kanta da ke nuna cewa laifin kuskure ba na ƙarfe ba ne. A yankin Termit da Tin-Tumma, wanda Nijar ta mai da gandun kiyaye namun daji a 2012, farauta da mota da bindigar yaƙi ta yi wa farin barewar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda masana ke kira adaks, ɓarnar da ta sa binciken da aka yi a 2016 ya ga guda uku kacal. Inda abin hari ba ya ramawa, tsohuwar bindiga ba ta da matsalar samu.

Sauran abin dubawa shi ne hannun da makami ke ƙarewa a cikinsa. Rumbunan Libiya da suka fashe a 2011 sun cika hamada da bindigogi, amma binciken ƙungiyar Conflict Armament Research ya nuna cewa kaso mai yawa na makaman ƙungiyoyin tayar da ƙayar baya a Sahel daga rumbunan gwamnatocin yankin ya fito, galibi bayan an afka wa sansani. An ga haka a Bosso cikin watan Yunin 2016, an kuma ga munin irin wannan farmaki a Inates cikin Disamban 2019, inda sojoji 71 suka rasu, da Cinagodar cikin Janairun 2020, inda aka rasa 89. Saboda haka duk na'urar da aka ƙera domin ta mai da marar horo gwanin harbi, irin madubin SMASH na wani kamfanin Isra'ila, wanda ke hana harsashi fita sai alama ta daidaita da abin hari, tana ɗauke da haɗari na musamman a nan, domin horo shi ne kaɗai fifikon da sojan gwamnati ke da shi wanda ba a iya kwashewa a bayan babur. Madubi kuwa ana kwance shi cikin minti ɗaya. Nijar ta kafa hukumar tattarawa da sa ido kan haramtattun makamai tun 1994, ta ƙone bindigogi a bikin wutar zaman lafiya na Agadas a watan Satumban 2000, kuma ficewarta daga ƙungiyar CEDEAO ta ƙasashen Afirka ta Yamma bai sauke mata nauyin sanin lambar kowace bindiga da adadin kowane akwatin harsashi da ke rumbunanta ba.

Hukuncin da wannan tarihi ya yanke a bayyane yake. Ƙasashen da suka fi Nijar kuɗi ninki ɗari sun nemi bindigar da za ta maye gurbin natsuwar mai riƙe da ita, daga mai bututu uku zuwa mai kibiya zuwa marar kwanso, ba su samu ba, kuma ɗan abin da suka samu ya tsaya ne ga harsashi mai sauƙin naushi, da madubi mai sauƙin amfani, da sojan da ya harba ɗaruruwan harsasai a filin horo a ƙarƙashin idon malami kafin a tura shi daji. Kasafin tsaro da ya sayi sababbin makamai domin fareti, ya bar kurtu yana zuwa Diffa ko Tesker da bindigar da ba a taɓa daidaita saitinta da idonsa ba, ya maimaita kuskuren Tirmini ne, inda aka tara ƙarfe aka bar horo. Ya kamata mahukunta a Yamai da Zinder su fifita harsashin atisaye, da madubai masu jure ƙura ga 'yan gwanayen kowace ƙungiyar soja, da dokar hana sakin wuta barkatai a kusa da gari ko mashaya, da rajistar makamai wadda ake binciken ta a kai a kai, kuma sarakuna da wakilan Gure suna da haƙƙin su nemi a yi bincike a biya diyya duk lokacin da harsashin da ya ɓace hanya ya sami ɗan ƙasa ko dabbarsa.